Neman Uban Audi, Daga Tibiri Zuwa Kukar Jatau

Tun da na dawo ban taɓa zama a fadarmu ta bakin kasuwar Tibiri na kai ga shayi na biyu ba, sai wani ya ce, "Mushe, ai ba ka ƙarasa muna labarin nan ba." Na ba da shi har na gaji, kuma duk ranar da na fara sai Alhaji Sani ya tsoma baki ya ƙara abin da bai faru ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sunana Hamisu, na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a lakol kafin in aje aiki, shi ya sa ake ce mini Mushe, kamar kowane malamin boko a wurinmu. Ɗana Nasiru yana karatun noma a Ingila, yana haya a gidan wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu, ƴaƴanta suka watse. Ita ba ta da wani aiki sai bin asalin danginta. A ƙasarsu, in ji Nasiru, kowace majami'a tana da littafi tun zamanin da, limaminsu yana rubuta wanda aka raɗa wa suna, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Ban da wannan, duk shekara goma hukuma kan bi gida-gida ta rubuta sunan kowa da sana'arsa da garin da aka haife shi. Da waɗannan littattafai tsohuwar ta bi kakanninta ɗaya bayan ɗaya, tana shiga jirgin ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye. Ta samo wani mai rufin ɗaki da ciyawa, ta samo wani da aka ɗaure kan satar tunkiya, kuma shi wannan ɓarawon ta fi so, har ta liƙa takardarsa a bangon falo. Wata rana ta ce wa Nasiru ya lissafa mata nasa. Ya ce Hamisu, ya ce Yusufa, ya ce Audi, sai ya tsaya.

Ya kira ni a salula ya ce, "Baba, wane ne uban kakanka Audi?"

Na ce zan kira shi daga baya. Gaskiyar magana ban sani ba. A gidanmu ba a taɓa faɗin sunan mutumin nan ba, kuma mu da muka tashi a ciki ba mu taɓa jin ya dace mu tambaya ba. Sau ɗaya a rayuwata, wajen wata gardamar iyakar gona, wani ya ce mini, "Ku da ba a san tushenku ba." Na yi kamar ban ji ba, amma maganar ta zauna mini shekara da shekaru.

Na je wajen yayata Hajo, wadda ita ce babbarmu yanzu. Tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Hamisu, abin da manya suka rufe, kai mi ya kai ka buɗe shi? In ka tarad da bawa hwa? In ka tarad da ba a ɗaura aure ba? Muna da ɗiya mata da jikoki a gidajen mutane."

Na ce, "Yaya, in ma hakan ne, gara in sani da bakina ya riƙa mutuwa gaban ɗana."

Ta ce, "To, tahi. Amma in ka samo abin kunya ka baro shi a hanya."

Wanda ya kai ni shi ne Alhaji Sani, tsohon direban manyan motoci, Bakatsinen Maradi. Ni kuwa ga zanen Gobir nan a kumatuna, kowa ya gan ni ya san ko ni wane ne. Shekara arba'in muna wasan da ke tsakanin Gobirawa da Katsinawa, ina kiransa bawana yana kirana nasa. Da na gaya masa abin da nake nema sai ya ce zai kai ni kyauta, don yana so ya kasance a wurin ranar da za a nuna mini maigidana na asali. Motarsa ta girmi Nasiru. Ƙofar gefena ba ta buɗuwa sai daga waje, saboda haka duk inda muka tsaya sai na jira ya zagayo ya fito da ni, shi kuma sai ya ɗan tsaya gaisawa da mutane tukuna.

Mun fara da buron takardun haihuwa. Matar da ke wurin ta taɓa zama ɗalibata, ta yi mini kirki ƙwarai, ta hau kujera ta sauko da wani tsohon littafi. Ga sunan babana nan, ɗan Audi, an haife shi "wajen" shekara kaza, kamar yadda ake rubuta wa duk mutanen lokacin, wato wani ma'aikaci ya dube shi ya kintata. Daga nan babu komai. Ta ce, "Mushe, sai dai ku gwada littattafan ƙidaya na zamanin Nasara. Wasu suna nan hannun gidajen da suka yi wa masu gari rubutu." Audi kuwa a wani ƙauye na ƙasar Gidan Sori ya girma, wajen dangin uwarsa. Can muka nufa washegari da safe.

Lokacin kaka ne, an gama yankan gero, dammuna jere a gonaki ana jiran amalanke. Muna barin hanyar jar ƙasa muka shiga yashi, motar ta yi gunji ta zauna. Alhaji Sani ya ce bai taɓa kafewa ba a hanyar Agadas, sai yau da ya ɗauko Bagobiri. Wani manomi mai amalanken shanu ya zo wucewa, ya ɗaura mana igiya, bijimai biyu suka ja mu har bakin gari. Haka muka shiga ƙauyen kakana, ina zaune a gaba an kulle ni, mata a bakin rijiya suna ta dariya.

Malam Ada, jikan marubucin maigari na da, ya karɓe mu da fura mai sanyi da nonon da Fulani suka kawo da safiyar nan. Da ya ji buƙatata ya ce littafi dai akwai shi, amma yana cikin akwatin ƙarfen matarsa, ita kuma ta tafi suna da mabuɗin. Muka jira ta har azahar. Da ta dawo ta fitar da kwanonin aurenta ɗaya bayan ɗaya, can ƙasa ga littafin a naɗe cikin tsohon zane. Gara ta ci gefensa, wasu shafuka sun manne. Na sa madubin idona na bi gida-gida da yatsa, ina karanta sunayen mutanen da duk sun zama ƙasa, kowa da matansa da ƴaƴansa. A shafi na kusa da ƙarshe na ga Audi, Nasara ya ƙara masa wani harafi da ba mu sa masa ba. A layin da ke gefe, inda ake sa sunan uba, an rubuta Tanko.

Na daɗe ina kallon kalmar. Alhaji Sani ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "To, yana da uba dai. Saura mu ji na wane ne."

Malam Ada ya kai mu wurin Baba Nomau, wanda ya fi kowa tsufa a garin. Yana kwance kan tabarma ƙarƙashin itacen bedi, ido ya tafi amma kunne da hankali suna nan. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni jikan Audi ne.

Ya ce, "Audi mai gona bakin hwadama? Na san shi, ya sha kora ta daga cikin rogonai. Ubanai baƙo na. Daga Ingilishi ya zaka."

Na ce, "Daga ina, Baba?"

"Ingilishi."

A raina har ina ganin Nasiru yana gaya wa Baturiyarsa cewa ashe ƴan uwa ne. Sai na tuna yadda tsofaffinmu ke magana: duk abin da ke kudu da iyaka Ingilishi ne, mu kuma nan Faransa. Kafin in buɗe baki Baba Nomau ya ƙarasa, "Bakatsine na, mai hwataucin taba da jakkai."

Ba zan iya kwatanta muku abin da Alhaji Sani ya yi ba. Bai yi dariya nan take ba. Ya zauna a ƙasa sannu a hankali, ya cire hularsa ya aje a gwiwa, ya ce, "Baba, don Allah a maimaita, kunnena na hagu ba ya ji sosai." Aka maimaita masa. Sannan ya cire takalmansa ya tura gabana ya ce in riƙe masa, tun da yanzu an san ƙanen wane ne ni.

Ni kuwa abin da ke cina daban ne. Na matsa kusa na rage murya na ce, "Baba, ɗa ne, ba bawa ba? Kuma an ɗaura aure?"

Ya ce, "Ɗa na, ɗan halas. An ɗaura aure gaban jama'a, kakata tana cikin masu kai amarya." Ya ba mu labarin yadda ya ji shi. Tanko ya saba sauka garin duk rani da tabarsa, ya ga yarinya, aka ba shi, ko da yake uban yarinyar bai so ba, don ba ya son baƙo. Bayan wata kaɗan ya ce zai je gida ya gaya wa danginsa ya yi aure, ya dawo. Bai kai ba. Ciwo ya kama shi a Cadawa, ya rasu a gidan wani malami na zango, ya bar mata da ciki. Shi ya sa aka sa wa yaron Audi, sunan wanda bai tarar da ubansa ba. Ni malamin lakol guda, ina ɗauke da wannan suna a takarduna duk rayuwata, ban taɓa tsayawa na yi tunanin ma'anarsa ba. Tsohon nan kuwa, uban yarinyar, ya ce jikan nasa ne, ya kira wanzami aka yi masa zanen Gobir, ya kuma hana a ƙara ambaton baƙon da ya bar masa ɗiya cikin takaba tana ƙarama. Ya mutu, hanin ya ci gaba, har aka manta dalilinsa.

Da zan iya da na koma gida daga nan, don abin da Yaya Hajo ke tsoro ya kau. Amma Alhaji Sani ya ce bai yarda ba, sai ya kai ni har ƙofar gidanmu na gaskiya. Muka ci damben gero da zogale a gidan Malam Ada, aka sake jan mu da shanu zuwa hanya, muka kwana Maradi, da safe muka hau kwalta muka yi gabas.

Mun iso Cadawa ranar kasuwa, gari ya cika da amalanke da buhunan wake. Kuskuren da muka yi shi ne tambayar da muka yi. Alhaji Sani ya leƙa ta taga ya ce wa wani mai sayar da igiya, "Ko ka san labarin Tanko mai taba?" Mutumin ya ce ƙwarai kuwa, ya bar igiyoyinsa ya shige gaba muna biye. Ya ratsa da mu layin ƴan tukwane da na masu kifi busasshe, ya tsaya gaban wata rumfa ya ce, "Ga shi nan." Wani ƙaƙƙarfan mutum ne da bai wuce arba'in ba, zaune gaban tulin garin taba da kanwa. Ya ga dattawa biyu da manyan riguna da takardu a hannu, ya miƙe tsaye a tsorace.

Alhaji Sani ya nuna ni ya ce, "Malam Tanko, ga tattaɓa-kunnenka na kawo maka. Ya daɗe yana nemanka."

Sai da muka zauna na yi masa bayani sannan ya saki jiki, ya yi dariya har taba ta shiga masa hanci. Mutumin kirki ne. Ya ce shi baƙo ne a sana'ar, amma ya san gidan limaman tsohon zango, inda fatake ke sauka a da. Ya rufe tabarsa da buhu ya raka mu da kansa.

Liman Buhari siririn dattijo ne mai magana a hankali. Ya ji labarina har ƙarshe bai katse ni ba, ya shiga ciki ya fito da wata gafakar fata da ta yi baƙi don tsufa. Ya ce kakansa mutum ne mai son rubutu, duk abin da ya faru a zango sai ya sa a takarda da ajami. Babu tsari a ciki. Nan maganin ciwon ciki, nan ranar da aka yi ruwan ƙanƙara, nan sunan jaririn da aka raɗa, nan addu'ar shiga kasuwa. Ya riƙa ɗauko su ɗaya-ɗaya yana karantawa a fili, muna zaune har inuwar zaure ta juya. Na tuna littattafan majami'ar da Nasiru ya faɗa, na ce a raina ashe mu ma muna da namu, sai dai su nasu a jere yake cikin kabad, namu kuwa sai ka bi ta kan maganin basir kafin ka kai ga kakanka.

Alhaji Sani ya fara gyangyaɗi lokacin da liman ya tsaya kan wata ƴar takarda da ba ta kai tafin hannu ba. Ya karanta a ransa tukuna, sannan ya dube ni. Abin da ke ciki shi ne: Tanko mai taba, mutumin Kukar Jatau ta ƙasar Katsina, ya yi jinyar kwana tara a gidan nan ya cika da kalmar shahada. Ya bar jakai biyu da mata mai ciki a Gobir. An aika wa matar da jakan. An ba wani falke saƙo ya kai wa danginsa.

Liman ya aje takardar ya ce, "Ka ji dai an aika da jakan. Kada ka ce za ka neme su a wurina."

Muka yi dariya, amma tawa ba ta yi nisa ba. Bayan la'asar ya kai mu tsohuwar maƙabarta a bayan gari. Ba wanda zai iya nuna kabarin, ƙasa ta daidaita, sai ƴan itatuwan kalgo da sabara. Ya ce baƙin zango ta gefen gabas ake sa su. Muka tsaya a nan. Alhaji Sani, wanda tun Gidan Sori bakinsa bai huta ba, shi ya roƙi liman ya bar shi ya yi addu'ar. Ya yi ta da kyau, ya daɗe, da ya shafa na ga yana goge ido da bakin rawaninsa. A hanyar komawa mota ya ce mini, "Direba ya san abin da ake nufi da mutuwa a garin mutane."

Tsakanin Cadawa da Agie taya ta fashe, muka tarar ta ajiyar ma ba iska. Muka zauna gindin wata bishiya muna cin tsiren da muka saya a kasuwa, har wani mai babur ya ɗauki tayar ya kai gari aka liƙe. Mun shiga Gazawa dare ya fara. Wani abokin Alhaji Sani mai sayen amfanin gona ya sauke mu a ɗakin da yake tara aya, ya ce shi ne ya fi iska. Aka shimfiɗa mana katifu tsakanin buhuna. Da safe na tarar abokin tafiyata ya huda buhu ɗaya da mabuɗin mota yana ta tauna, ya ce yana duba wa mai gida ne ko ta bushe. Daga nan na kira Nasiru na ba shi labari. Ya ce Baturiyar tana gefensa, ya fassara mata, wai ta tafa hannu da ta ji zancen jakan, ta ce ita duk bincikenta ba ta taɓa samun kakan da ya mallaki jaki ko ɗaya ba.

Mai masaukinmu ya ce hanyar kudu ba ta mota irin tamu ba ce, muka bar ta a ƙofar gidansa muka ɗauki kabu-kabu biyu. Ni rabona da hawan babur an daɗe. Ba mu yi nisa ba bakin babbar rigata ya shiga cikin taya, na ji an shaƙe ni ta baya, muka kwanta cikin yashi ni da mai babur a hankali kamar masu shirin barci. Ba wanda ya ji ciwo sai rigar, wadda na ɗinka musamman don in shiga garin kakana da mutunci. Na ƙarasa tafiyar da ita a naɗe a kugu.

A iyaka jandarmanmu ya duba katunanmu ya ce mu sauka lafiya. A ɗaya gefen wani ma'aikaci mai fara'a ya tambaye ni abin da ya kawo ni.

Na ce, "Wani kakana nake nema."

Ya ce, "Subhanallahi. Yaushe ya ɓata?"

Na ce, "Ya fi shekara ɗari."

Ya dube ni, ya dubi yagaggiyar rigata, ya miƙo mini katina ya ce, "Allah ya sa a dace, Baba. In ka gan shi ka gaishe shi."

Ƙasa ɗaya ce, gero ɗaya, harshe ɗaya, amma ka san ka tsallaka. Muka tsaya shan shayi aka kawo mana shi cikin babban kofi fari fat da madara, da rabin burodi, abin da a wurinmu sai a ce kunu ne. Mai shayin ya ce, "Mutanen Faransa ne ko?" Na ce masa ni malamin lakol ne, ya ce wace irin sana'a ce wannan, sai da Alhaji Sani ya ce makarantar boko sannan ya gane. Su ofis suke zuwa mu buro. Kowa ranka ya daɗe ne a bakinsu, har mai babur. Tuwonsu na dawa da masara ne, miya ja wur da manja, kuma na ci na ƙara, ba zan ɓoye ba.

Kukar Jatau ƙaramin ƙauye ne a bakin fadama, kuma abin da na fara gani shi ne ganyen taba shanye a kan danni. Mai unguwa ya saurare mu, ya ce shi bai san wani Tanko ba, amma akwai wani abu da ake kira damin Tanko a gidan Goggo Tabawa, tun yana yaro yake jin sunan bai san dalili ba. Ya sa aka yi mana iso.

Goggo Tabawa ƴar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗa auduga da mazari, abin da na daɗe ban gani ba. Idonta ya yi rauni. Da na gama gaisuwa na faɗi abin da ke tafe da ni, ta aje mazarin ta ce in matso. Ta sa hannu biyu ta shafa fuskata, yatsunta suka bi zanen kumatuna layi-layi.

Ta ce, "Wa ya ɓata maka fuska haka, ɗan nan?"

Na ji Alhaji Sani a bayana yana wani irin tari. Ta ci gaba da shafawa har ta kai kunnuwana, ta kama su ta ɗan ja, ta ce, "Kunnen dai namu ne. Duk gidan nan haka suke, kamar marfin tukunya."

Sannan ta ba ni nata rabin labarin. Kakarta Yalwa ita ce yayar Tanko, ita ta goye shi, shi kaɗai ne namiji bayan mata huɗu. Ya tafi arewa da jakai wata shekara bai dawo ba. Saƙon da malamin Cadawa ya bayar bai taɓa isowa ba. Wasu suka ce an kama shi, wasu suka ce ya bi sojan Nasara. Yalwa ba ta yarda ya mutu ba. Duk kaka sai ta ware dami ɗaya na gero ta sa a gefen rumbu, ta ce na Tanko ne, kada ya dawo ya tarar ba a aje masa komai ba. In sabo ya zo sai a yi sadaka da tsohon. Da za ta rasu ta bar wa ɗiyarta wasiyya, ɗiyar ta bar wa Goggo Tabawa.

Ta ce, "Jikokina suna cewa in daina, wai wa ake aje wa. Na ce su bari in mutu tukuna." Sannan ta ce, "Ina ya kwanta?"

Na gaya mata. Na gaya mata jinyar kwana tara, da malamin da ya riƙe shi, da shahadar da ya cika da ita, da cewa a hanyarsa ta zuwa gida yake don ya ba su labarin ya yi aure. Na lissafa mata zuriyar Audi, maza da mata, har na rasa wasu. Tana ji tana gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba.

Ta ce, "Ashe gida ya nufo. To, alhamdu lillahi." Ta juya ta ce wa matar jikanta, "Ke, a sauko da damin nan. Mai shi ya aiko."

Kwana biyu muka yi a gidan. Aka yanka mana zakara, dangi suka riƙa zuwa daga unguwanni suna kallon kunnuwana suna yarda. Matar jikan ta ɗinke mini riga. Alhaji Sani ya zama babban baƙo, shi da ya kawo ɓataccen ɗa gida, aka riƙa sa masa cinya ni ana ba ni fiffike. Ranar tafiya aka ɗaure damin a bayan babur, na zauna a matse tsakaninsa da mai tuƙi, zangarniya tana sosa mini ƙeya. A iyaka muka sake tarar da ma'aikacin nan. Ya gane ni, ya ce, "Baba, an gan shi?" Na ce an gan shi, ga ma abincinsa da aka aje masa. Ya zagaya ya dubi damin, ya ɗaga mana hannu.

Na shiga gidan Yaya Hajo da damin a kaina, don na ce ba wanda zai ɗaukar mini shi. Ta saurari labarin tun daga littafin Malam Ada har zuwa Goggo Tabawa, har wurin da aka ce a sauko da dami. Nan ta ja mayafi ta rufe fuska na ɗan lokaci. Washegari ta sa aka sussuke shi a gabanta. Ta ɗebi ƙwarya guda ta ɗaure a tsumma ta ce iri ne, za a shuka a gonar Audi in damina ta faɗi. Sauran ta sa aka daka fura, aka aika gidan duk wanda ya fito daga tsatson Audi, kowa da dunƙulensa, har waɗanda ke aure a Maradi.

Ni da ita muka sha tamu a tsakar gida. Ta kurɓa ta juya a baki ta ce, "Geron Katsinawa bai kai namu garɗi ba." Ta miƙa ludayi ta ƙara. Sannan ta ce, "Ka ce tsohuwar ta tsufa ƙwarai?"

Na ce ƙwarai.

Ta ce, "To, ka gaya wa direban nan naka ya gyara ƙofar motarsa. Jibi za ku kai ni in gaishe ta."